Yadda Injiniya Ya Koya wa Gida Tunani

A ƙarƙashin matakalar wani gidan haya mai hawa uku akwai wani ɗan ɗaki marar taga, wanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa sai ta wajen ƙofa. A nan mitar wuta da babban makunnin gidan suke. A nan ne kuma wani mai duba tikiti a tashar jirgin ƙasa, wanda yake zaune a gidan da iyalinsa, ya ajiye teburi da kujera da kwalayen tarkacen rediyo, ya raɗa wa wurin suna ɗakin bincike, ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya fara kiran kansa da shi, maƙwabta suka karɓa domin su samu abin dariya, shi kuwa ya ɗauki karɓar tasu a matsayin shaida.

Gidan na Baffansa ne, yayan mahaifinsa, dattijo mai ƙarancin magana wanda yake zaune a wata unguwa, yana zuwa dubawa lokaci-lokaci. A ɗaya daga cikin irin wannan zuwa ne Tela, wanda yake haya a hawan ƙasa, ya tare shi a bakin matakala da buƙatarsa.

"Baba, keken ɗinkina a falo yake," in ji Tela. "Yara suna kwana da zare a gashi, suna tashi da allura a tabarma. Ga ɗaki nan kuwa, ba mai aiki a cikinsa sai ɓeraye."

Injiniya, wanda yake tsaye a bakin ɗakin da sukudireba a aljihun gaba, ya ji maganar har cikin ƙashinsa.

"Ɓeraye? Kai ka san abin da ke cikin kwalayen nan kuwa?"

"Na sani, Yallaɓai Injiniya. Su ma ɓerayen sun sani, shi ya sa suka rame."

Baffa ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya yanke hukunci a taƙaice kamar yadda ya saba. Ya ce ɗaki ɗaya ne, masu so biyu ne. Ranar taron 'yan haya zai dawo, kuma wanda ya nuna masa amfanin da gidan zai samu idan shi ne a ciki, ɗakin ya zama nasa.

Tela ya ce shi zai ɗinka wa tagogin matakala labule daga sama har ƙasa. Injiniya ya yi wata dariya mai tsawo, irin ta wanda aka kawo wa ƙaramar magana.

"Labule! Baffa, ni gidan nan zan koya wa tunani. Tanki ya yi ƙasa, injin ruwa ya tashi da kansa. Mutum ya taka matakala, fitila ta kama. Baƙo ya danna maɓalli a waje, ƙararrawa ta buga. Ƙofar gida ta kulle kanta ba tare da an roƙe ta ba. Ranar da ka dawo, gidan ne da kansa zai gaishe ka."

"Ni dai in na dawo in tarar da shi a tsaye," in ji Baffa, ya shiga motarsa.

Ba a jima ba aka kawo wa Injiniya kaya a kwali. Ya baje su a kan teburin cin abinci, ya kira matarsa domin ta zama farkon wadda za ta shaida. Abu na farko ƙaramar kwamfuta ce, allo ɗaya tal da bai wuce tafin hannu ba, da wasu siraran ƙarafa arba'in a jere a gefensa kamar haƙoran mataji. Ta waɗannan haƙora take jin labari, ta nan kuma take ba da umarni. Abu na biyu shi ne wanda Injiniya ya fi alfahari da shi, wani allo da ake kifawa a kan haƙoran, wanda yake fitar da kowane haƙori zuwa ga sukurunsa. Mutum ya cusa bakin waya a rami, ya ɗaure sukuru, aiki ya ƙare, ba narka dalma, ba ƙona yatsa. A gefen kowane sukuru an rubuta sunansa da farin rubutu ƙanana ƙwarai. Abu na uku jerin makunnai ne da ake kira rile, masu yin ƙas-ƙas idan kwamfutar ta umarce su, su ne suke kunna manyan kaya su kashe.

"Kin ga wannan allon sukurori?" in ji Injiniya. "Shi ne sirrin aikin. In waya ta zauna inda bai dace ba, ka kwance, ka mayar da ita wani ramin. Da wannan allo, kuskure ba ya kwana."

Matar ta ɗaga takardar bayani da ta faɗo daga kwalin. "To ga wannan, ba ka karanta ba?"

"Wannan ta 'yan koyo ce."

"Wayoyin kuma me ya sa duk jajaye ne? A hoton nan kala-kala na gani."

"Kala-kala ai don wanda ba ya riƙe abu a ka ne. Ni naɗi guda na sayo, ja, mai ƙwari. Kowace waya na san ta kamar yadda na san 'ya'yana."

"Jiya ka kira Auta da sunan yayanta," in ji matar, ta kwashe kofuna ta wuce.

Wajibi ne a nan a bayyana wani al'amari da Injiniya ya daɗe yana ɓoyewa. Idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. A tasha, idan fasinja ya miƙo tikiti, sai ya riƙe shi can nesa iya tsawon hannu, ya ɗaure fuska kamar mai zargin jabu, alhali neman harafi yake. Ya ƙi zuwa wurin likitan ido, domin a ra'ayinsa tabarau shelar tsufa ce. Matarsa tana da nata na karatu, mai ruwan hoda, da 'yan duwatsu masu ƙyalli a kusurwoyi, kuma yakan sace shi ya sa idan ya tabbata ƙofa a rufe take. Da yake aikin wannan karo a buɗe yake yin sa domin maƙwabta su gani su yaba, tabarau bai samu shiga ba. Maimakon ya karanta sunan sukuru, sai ya riƙa ƙirgawa da ɗan yatsa daga gefe, wani lokaci daga dama, wani lokaci daga hagu, gwargwadon inda ya tsaya.

Ya ja wayoyi daga ɗakin zuwa tankin da ke kan rufi, zuwa injin ruwa, zuwa fitilun matakala, zuwa ƙofar gida. Ya sa maɓalli a waje, ya sa na'urar jin motsi a matakala, ya sa abin auna ruwa a cikin tanki. Ya cire tsohon kwaɗon ƙofar gida ya maye shi da makullin lantarki. Domin kada Tela ya leƙa masa asiri, ya cire na ɗakin binciken ma, ya sa wata sakatar lantarki da ya samo a wani shago dabam. Duk waɗannan wayoyi, jajaye ƙwal, suka taru a kan allon sukurori kamar saƙar da kyanwa ta yi wasa da ita.

A gwaji na farko, mai kawo burodi ya danna maɓallin waje. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba, amma injin ruwa ya tashi da gurnani. Mutumin ya saki, injin ya mutu. Ya sake dannawa, injin ya sake tashi. Ya tsaya yana dannawa yana saki, yana leƙe ta ramin ƙofa, har Tela ya fito ya buɗe masa.

"Yallaɓai Injiniya, baƙi yanzu su ne za su riƙa yi mana jan ruwa?"

"Gwaji ne. Kai ka taɓa ɗinka riga ba ka gwada ba?"

"Na gwada, amma ban taɓa sa hannun riga a wuya ba."

Injiniya ya shiga ɗaki, ya kwance jajayen wayoyi biyu, ya musanya musu wuri, ya fito yana kaɗe hannu. Ya ce an gama.

Kuskuren bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa hawa na uku, inda wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti take zaune, wadda kowa yake kira Anti Nas. Da safe ta buɗe famfo za ta yi wanka, ruwan tanki ya ɗan yi ƙasa, sai ƙararrawar gida ta ɗauka ba tsayawa. Ta rufe famfo, ta ɗaura zane, ta sauko da gwiwarta mai ciwo, ta buɗe ƙofar gida, ba kowa. Ta hau, ta koma banɗaki, ƙararrawa tana nan tana ihu. Ta sake saukowa da kumfar sabulu a kunne, ta tarar da Injiniya a tsakar gida yana sauraren ƙarar da murmushi.

"Kai ɗan nan, wa ke buga mana ƙofa tun ɗazu?"

"Ba kowa, Anti. Tanki ne yake sanar da cewa ana amfani da shi."

"Wato duk unguwa sai ta san na shiga wanka?"

"Ai ci gaba ke nan, Anti."

"Ci gaban ya ci gaba da kai. Na yi aiki da injinan da ke riƙe numfashin mutum, ban taɓa ganin wanda ya tona wa majinyaci asiri ba. Ka kashe min abin nan kafin in sauko da allura."

Ya shiga, ya kwance biyu, ya musanya. Ƙararrawa ta yi shiru.

Washegari kuskuren ya sauka a kan Direba, mai haya a hawa na biyu, mutum mai jiki da gajeren haƙuri. Ya fito zai tafi aiki, yana taka matakala na'urar jin motsi ta gan shi, makullin ƙofar gida ya ce ƙas, ya kulle. Ya ja, ya girgiza, ƙofa ta ƙi. Ya tsaya yana huci, bayan ɗan lokaci ta saki da kanta. Sai ya tuna ya bar makullin mota a sama. Ya hau ya ɗauko, yana saukowa ta sake kullewa a gabansa. Ya koma sama ya tsaya cik kamar gunki har ya ji ta saki, sannan ya kwaso da gudu domin ya riga ta, ta riga shi. Matar Injiniya tana kallo ta taga, ta kira mijinta.

"Baban Auta, fito ka ga gidanka yana wasan ɓuya da Direba."

"Tsaro ne," in ji Injiniya da ya fito. "Yanzu ɓarawo ya shigo, ta ina zai fita?"

"Ni ne ɓarawon?" in ji Direba, yana naɗe hannun riga.

Injiniya ya shige ɗaki da sauri fiye da yadda ya fito, ya kwance biyu, ya musanya.

Haka aka yi ta yi. Kuskuren ya zaga gidan hawa-hawa kamar ɗan haya marar ɗaki, yau yana wurin wannan, gobe yana wurin wancan. Amma da yake sukurori suna da iyaka, kuma mai musanya ba ya gajiya, sai aka wayi gari ana jibi taro komai ya faɗa wurinsa bisa tsautsayi. Maɓalli ya buga ƙararrawa, motsi ya kunna fitila, tanki ya kira injin ruwa ya kuma sallame shi da ya cika. Injiniya bai san yadda aka yi ba, amma bai ga dalilin faɗa wa kowa hakan ba. Ya yini yana hawa yana sauka, fitila tana bin sa, yana gaida mutanen da ya riga ya gaisar. Har Anti Nas ta ce, to, ba laifi. Tela ya shiga damuwa ta gaske, ya ƙara wa labulensa leshi a baki.

Matar ta ba shi shawara ɗaya tak. "Don girman Allah, tun da ya yi, kar ka sake taɓa shi."

Da ya ji wannan shawara, da labarin ya ƙare a nan. Amma da safiyar ranar taro, bayan ya sa riga mai guga ya soke sukudireba a aljihu, sai ya tsaya ya dubi allon da idon baƙo. Wayoyi sun hau kan juna, wata ta zagaya ta bayan wata, doguwa ta tafi kusa, gajeriya ta miƙe da ƙyar zuwa nesa. Ya ga cewa Baffa mutum ne mai son tsari, wanda ko takalmansa a jere yake ajiye su, kuma ba zai yiwu a nuna masa wannan cakuɗe a ce masa aikin injiniya ne ba. Saboda haka ya kwance su gaba ɗaya, ya taje su da yatsu, ya jera su bisa tsawo, gajeru a sukurorin kusa, dogaye a na nesa, ya ɗaure su dami-dami da zare. Da ya gama, allon ya yi kyau ƙwarai. Bai gwada ba, domin ya ji ƙarar motar Baffa a waje.

'Yan haya sun hallara a tsakar gida, manya a kan benci, mata a bakin baranda. Tela ya rataye labulensa a igiyar shanya, shuɗi mai leshi, yana ta gyara musu zama. Baffa ya duba su, ya shafa, ya ce sun yi. Sannan ya juya.

"To, ɗana, ina tunanin?"

Injiniya ya yi gyaran murya, ya yi jawabi a kan zamani da inda duniya ta dosa, har Direba ya yi hamma da ƙarfi. Daga nan ya roƙi Baffa ya fita waje ya danna maɓalli da hannunsa mai albarka. Baffa ya fita ya danna. Ƙararrawa ba ta buga ba. Fitilun matakala ne suka kama gaba ɗaya, da rana tsaka.

"Ban ji komai ba," in ji Baffa da ya dawo.

"Gidan ya gane kai ne, Baffa. Ba ya yi wa mai shi ihu, haske yake yi masa."

"Ni da na danna jiya ihu ya yi min," in ji Anti Nas.

"Ke ai haya kike, Anti."

Baffa ya nufi matakala domin ya ga fitilar da aka ce tana bin mutum. Yana ɗora ƙafa, injin ruwa ya tashi. Mutane suka biyo shi a baya suna kallo, masu hawa suna hawa, masu sauka suna sauka, na'urar jin motsi tana ganin kowa, injin kuwa yana ta aiki. Tankin dama cike yake tun jiya, kuma abin auna ruwan da ya kamata ya ce ya isa yanzu yana magana ne da wani sukuru da ba a haɗa shi da komai ba. Ba a daɗe ba aka ji wani shaa daga sama. Ruwa ya ɓalle daga bakin tanki, ya bi rufi, ya zubo tsakar gida a daidai kan igiyar shanya.

"Labulena!" in ji Tela, ya yi tsalle ya rungume su, ruwan ya sauka a kansa.

Sauran ruwan ya samu ƙofar rufi a buɗe, ya biyo matakala yana gangarowa. Masu gudun ruwa suka yi ƙasa, masu zuwa ganin abin da ya faru suka yi sama, injin ya ƙara samun dalilin aiki.

"Wannan kuma gaisuwar wa ce?" in ji Baffa, yana tattare bakin rigarsa.

"Wankin rufi ne, Baffa, yana cikin tsarin. Bari in rage masa ƙarfi."

Ya faɗa ɗakin bincike. A nan ya fuskanci gaskiyar da ya daɗe yana kauce wa. Wayoyin sun yi kyau, sun yi kama da juna fiye da kullum, kuma ƙirga da yatsa ba zai fitar da shi ba. Dole a karanta rubutun. Tabarau mai ruwan hoda yana cikin aljihun wandonsa, amma tsakar gida cike take da idanu. Ya miƙa ƙafa ya turo ƙofar a hankali har ta rufu, ya sa tabarau, duniya ta fito masa tar. Ya karanta sunan sukuru na farko, ya gane sarai, sai dai sanin sunan rami bai gaya masa wace ja ce ta injin ruwa ba. Ya zaɓi wadda ta fi yi masa kama da mai laifi, ya kwance ta, ya mayar da ita ramin da ke kusa. Wani rile ya ce ƙas. A bayansa, sakatar ƙofar ɗakin ta shige gidanta.

Ya ja ƙofar, ta ƙi. Ya sake ja da hannu biyu.

"Baban Auta, ruwan bai tsaya ba!" Muryar matarsa ce daga waje. "Me ka rufe ƙofa kake yi?"

"Aiki ne mai buƙatar natsuwa. Yanzu fa?" Ya musanya wasu biyu.

Ƙararrawa ta ɗauka, ba ta kuma ajiye ba.

"Yanzu ruwa da ƙararrawa!"

"To yanzu fa?"

"Ƙofar gida ta kulle! Direba yana son ya fitar da yara, ta ƙi buɗuwa!"

"Ki gaya masa," aka ji muryar Direba ta rufe ta ƙararrawa, "in na shigo ɗakin nan, shi zan ɗaure da sukuru!"

"Ba ya shiguwa," in ji Injiniya, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Ya sake kwance wata. Fitilun matakala suka mutu, tare da ƙwan ɗakin binciken, wanda ya haɗa a layinsu domin tsimin waya. Ya tsaya cikin baƙin duhu, da tabarau a fuska, da sukudireba a hannu ɗaya, da waya a ɗaya hannun wadda bai san daga inda ya ciro ta ba. Sai ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ruwan matakala ya iso, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Matarsa ta ga inda ruwan ya dosa, muryarta ta canza. "Ruwa na shiga inda wuta take! Ka kashe babban makunnin, yana nan bayanka!"

"Ba a kashe kwamfuta haka kawai. Sai an yi mata sallama, in ba haka ba ƙwaƙwalwarta ta rikice."

"Ta fi haka rikicewa?" in ji Anti Nas. "Ɗan nan, na ga waɗanda wuta ta ja. Ba sa dawowa su yi bayani."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da sanda, a hankali, sau biyu. Baffa ne.

"Kai. Kashe."

Injiniya ya lalubi bango, ya bugi kansa da ƙasan matakala, ya samu makunnin, ya ja shi ƙasa. Ƙararrawa ta ɗauke, injin ruwa ya yi tari ya mutu, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga rufi. A nan ne bambancin makullan biyu ya bayyana. Na ƙofar gida irin wanda yake sakin jiki ne idan wuta ta ɗauke, saboda haka ƙofar ta wangame da kanta, mutanen titi da ƙararrawa ta tara suka kwararo ciki, har da mai burodi. Sakatar ɗakin bincike kuwa irin wadda take ƙanƙamewa ce idan babu wuta, kuma ta ƙanƙame.

"To fito mana," in ji Baffa.

Sai muryar Injiniya ta fito daga ciki, ƙasa-ƙasa. "Baffa, akwai ɗan bayani. Sakatar tana buƙatar wuta kafin ta buɗe."

"To mayar da wutar."

"In na mayar, ruwa da ƙararrawa za su dawo. Kuma ina tsaye a cikin ruwa."

"Makullin hannu fa?"

"Yana ciki. Wato yana wajena. Amma ramin nasa ta waje yake, kuma ƙasan ƙofar ya kumbura, makullin ba zai wuce ta nan ba."

Wani daga cikin mutanen titi ya tambaya ko wa aka kulle, aka ce masa injiniyan da ya yi aikin ne. Ya ce to a kira wanda ya fi shi mana. Tela, yana matse labule, ya ce ai duk garin babu.

Direba ya fita ya ɗauko ƙarfen cire taya daga motarsa, da fara'ar da ba a gan shi da ita ba tun da aka fara aikin. Ya cusa ƙarfen ta wajen maratayin ƙofa, ya ce wa na ciki ya matsa baya, bai jira amsa ba ya danna da dukan nauyinsa. Katako ya yi ƙara, ya tsage, ƙofar ta fita gaba ɗaya ta kwanta a tsakar gida, sakatar tana nan maƙale a jikin bango, a kulle, ba ta saɓa umarni ba.

Hasken rana ya shiga ɗakin. Ga Injiniya a tsugune a kan teburi, wando a naɗe, kai da ƙullutu, jar waya a hannu, fuskarsa kuma ɗauke da tabarau mai ruwan hoda, duwatsunsa suna ƙyalli.

"Tabarauna!" in ji matar. "Ni da nake ta zargin Auta!"

Dariyar da ta tashi har masu shago na ƙarshen layi sai da suka ji ta. Anti Nas ta zauna a kan matakala mai ruwa tana share hawaye. Injiniya ya sauko daga teburin da iyakar mutuncin da ya rage masa, ya cire tabarau ya miƙa wa mai shi ba tare da ya dube ta ba.

"Baffa, a ƙa'idar bincike, wannan shi ake kira gwaji na farko. Matsalar waya ɗaya ce tak. In aka ba ni zuwa..."

"Ɗana," in ji Baffa, yana matse bakin rigarsa, "na ga tunanin gidan. Ya yi tunani ya kulle ka, kuma ban ga laifinsa ba." Ya juya ga Tela. "Ɗaki naka ne. Ka fara da ɗinka masa labule, tun da ƙofa ta tafi."

Kafin la'asar an mayar da tsohon kwaɗon ƙofar gida, an kwance jajayen wayoyi daga bango, Injiniya yana fitar da kwalayensa ɗaya bayan ɗaya, matarsa tana nuna masa inda ba za a ajiye su ba a cikin falo. A zuwansa na ƙarshe ya ɗauko ƙaramar kwamfutar da allon sukurorinta, ya goge su da bakin riga. Ya tarar Tela ya riga ya shigar da keken ɗinki, yana gwada inda zai zauna. Injiniya ya tsaya yana kallon keken, ya karkata kai, idonsa ya fara haske.

"Maƙwabci, ka san keken nan naka, da waya huɗu kacal da rile ɗaya, sai ya riƙa..."

Tela ya miƙe zumbur ya kai hannu zai rufe ƙofa, hannunsa ya kama iska. Sai ya tsaya a bakin ɗakin, ya ware hannuwa da ƙafafu ya cika wurin da jikinsa, ya ɗaga murya yana kiran Direba.